Jagorar Gane Lambar Mitar Wuta a Gida da Wurin Sana'a

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mitar wuta da tocila a hannu yana neman lambar da zai ba mai POS ya san cewa lambobin da ke jikinta suna da yawa. Akwai wata doguwa a ƙarƙashin zanen nan mai layi-layi baƙi da fari. Akwai wata a jikin hatimin robar da aka ɗaure murfin da shi. Ga 230V da 50Hz da 5(60)A, ga kuma wadda ma'aikatan kamfani suka rubuta da fenti a bango ko a jikin falwaya. In ya ɗauko tsohon rasit sai ya tarar wasu sun ƙaru: lambar asusu, da SGC, da KRN, da TI, sannan ga alƙaluma 20 na katin da ya saya. A cikin duk waɗannan guda ɗaya ce kuɗinka ke bi, ita ce lambar mita. Sauran ma kowace da aikinta, kuma ranar da matsala ta taso za a tambaye ka su.

Dalilin da ya sa lambar mita ta fi sauran nauyi yana cikin yadda ake haɗa katin wuta. Kusan duk mitocin kati da ke Najeriya suna aiki ne da tsarin da ake kira STS, wanda kamfanin wuta na Afirka ta Kudu, Eskom, ya assasa a farkon shekarun 1990, daga baya ya zama ƙa'idar duniya mai lamba IEC 62055-41. A wannan tsarin, mitar ba ta buƙatar yin magana da kamfani kafin ta karɓi wuta. Duk saƙon yana ƙunshe a cikin alƙaluma 20 ɗin nan: yawan yunit, da lokacin da aka sayar, da wata lambar tantancewa. Kwamfutar kamfani tana kulle saƙon da wani sirri da ta haɗa daga lambar mitarka, mitar kuma tana riƙe da irinsa a cikinta. Makulli ne da aka yanka wa kwaɗo ɗaya. Katin da aka fitar da lambar mitar maƙwabcinka ba zai taɓa shiga taka ba, ko da kuwa kamfani ɗaya ne ya ƙera su, rana ɗaya aka ɗaura muku.

Yadda lambar take

Lambar mitar STS alƙaluma 11 ce, ko kuma 13. In ka ƙirga ka ga 8 ko 10 ko 12, to ko dai ba ita ka ɗauko ba, ko ka tsallake wani abu. Ba kuma a jera alƙaluman haka kawai ba. A mai 11, biyun farko suna nuna kamfanin da ya ƙera mitar: 04 na Conlog ne, 14 na Hexing. Takwas da ke biye su ne lambar da masana'anta ta ba wannan mitar ita kaɗai. Ta ƙarshe kuma mai gadi ce. A mai 13 haka abin yake, sai dai lambar masana'anta ta zama alƙaluma huɗu, domin guraben alƙaluma biyu ba za su ishi masu ƙera mitoci ba yayin da suka yawaita.

A kula da sifirin farko. Mutane da yawa suna watsar da shi saboda a lissafin makaranta sifiri a gaban lamba ba ya ƙara komai. A nan kuwa yana cikin lambar. Wanda ya rubuta 4 a maimakon 04 ya mayar da alƙaluma 11 sun koma 10. Masu shaguna da ke ajiye lambobin mitocinsu a jadawalin kwamfuta su ma su lura, domin irin wannan manhaja takan share sifirin da kanta in ba a gaya mata cewa rubutu ne ba.

Lambar gadin nan ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ke ceton kuɗin mutane kullum ba tare da sun sani ba. Ana fitar da ita da wani lissafi da Hans Peter Luhn, injiniyan kamfanin IBM, ya ƙirƙiro a shekarun 1950, kuma shi ne dai ake amfani da shi a katin cirar kuɗi na banki. Kai ma za ka iya yin sa da biro da takarda. Ka ware lambar ƙarshe gefe. Sauran, ka faro daga dama: ka ninka ta farko sau biyu, ka bar ta biyu yadda take, ka ninka ta uku, haka har ka kai hagu. Duk wadda ninkinta ya haura 9, ka cire mata 9. Sai ka tara duka. Abin da ya rage jimillar ta cika goma ta gaba, shi ne lambar gadi.

Mu gwada da lambar misali, 1234567890. Daga dama: 0 ya zauna 0, sai 9, sai 8 ya zama 16 a cire 9 ya koma 7, sai 7, sai 6 ya zama 12 ya koma 3, sai 5, sai 4 ya zama 8, sai 3, sai 2 ya zama 4, sai 1. Jimilla 47. Saura 3 ta cika 50. Cikakkiyar lambar ke nan 12345678903. Da za ka sauya ko da lamba ɗaya a ciki, lissafin ba zai fito ba. Haka ma in ka juya biyu da ke maƙwabtaka, ka rubuta 65 a wurin 56, zai kama ka, in ban da 09 da 90 waɗanda suke sulle masa. Shi ya sa galibi in yatsa ya zame a waya, manhaja takan ce babu wannan mitar, kuɗinka ya tsira.

Abin da mai gadin ba zai iya kamawa ba shi ne lamba ingantacciya wadda ba taka ba. Lambar gidan da ka tashi da ke ajiye a manhajar bankinka, lambar shagon ƙaninka da ka taɓa saya masa wuta, lambar ɗakin da ke kusa da naka a gidan haya, duk lafiyarsu ƙalau a wurin kwamfuta. Yawancin asarar da ake yi ta wannan ƙofar take shigowa.

Inda za ka same ta

A mitar da ke manne a bangon gida abin da sauƙi: tana fuskar mitar, yawanci a ƙasan zanen layi-layin. Wahalar tana wurin mitoci masu rabi biyu, waɗanda kamfanoni suka fi ɗaurawa yanzu don rage satar wuta. Ainihin mitar tana can cikin akwati a saman falwaya, kai kuma an ba ka ɗan akwati mai madannai, wanda mutane ke ce wa rimot. Rimot ɗin nan ba shi ne mita ba, ɗan aike ne kawai. Sau da yawa yana da tasa lambar ta masana'anta a bayansa, kuma ita ce mutane ke kwafowa su kai wa mai POS ya yi ta gwadawa tana ƙi. Hanya mafi aminci ita ce ka sa mitar ta faɗi lambarta da kanta. Kowane kamfani da gajeriyar lambar da ake dannawa. A Hexing 804 ce, sai ka danna madannin shigarwa. Ta sauran tana cikin 'yar takardar da ke zuwa tare da mitar, don haka kada a bar yara su yi wasa da ita. Akwai kuma katin roba da akan bayar ranar ɗaura mita, da duk wani tsohon rasit da katinsa ya shiga lafiya.

Irin rimot ɗin da ake sokawa a bango yana aika saƙonsa ne ta cikin wayar wutar gidan. Saboda haka sai an soka shi a soket ɗin da ke kan layin kamfani kai tsaye. In gidan yana kan janareta ko inbata, ko an bi da shi ta sitabilaiza, saƙon ba zai isa ba, sai mutum ya zaci lambarsa ce ba daidai ba. In yunit ya ƙare ƙaf mitar ta yanke wuta, a sa masa batura masu rai, a mayar da makunnin sauya layi kan wutar kamfani, a kashe kayan wutar gidan, sannan a loda. Sai kuma akwai wuta a layin unguwa, domin mitar da ke saman falwaya ba ta ji in babu wuta.

A gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko jerin shaguna da aka ɗaura wa mitoci rana ɗaya, yana da kyau ka tabbatar lambar da aka ba ka ita ce ke kan wayarka. Masu ɗaurawa mutane ne, kuma in akwati ɗaya ya ɗauki mitoci shida ko takwas ana iya sarƙe wayoyi. Gwajin ba shi da wuya. Ka duba jikin mitar ko takardarta za ka ga an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh. Ma'anarsa, 'yar jar fitilar da ke jikin mitar za ta ƙyafta sau 1,000 kafin yunit ɗaya ya ƙare. Ka kashe komai na ɗakinka, fitilar ta tsaya cik. Sai ka kunna dutsen guga mai wat 1,000. A irin wannan mitar za ka ga tana ƙyaftawa wajen sau 16 ko 17 a minti, muddin dutsen yana ɗaukar zafi. In ka kashe komai tana ci gaba da ƙyaftawa, ko ka kunna dutsen ba ta motsa ba, to wutar wani kake biya, wani kuma yana biyan taka. Kada ka hau falwaya, kada ka sa mai gyaran wutar unguwa ya buɗe akwatin. Kamfani za ka rubuta wa.

A wurin saye

Tun ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka fara damƙa rarraba wuta a hannun kamfanoni 11, ko da yake har gobe NEPA muke cewa. Kowace mita tana rajista a kamfani ɗaya, kuma sai ka zaɓi wannan kamfanin manhaja za ta gan ta. KEDCO ke da Kano da Katsina da Jigawa. Kaduna Electric ke da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi. Kamfanin Jos ke da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Na Yola ke da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Na Abuja kuma ya haɗa da Neja da Nasarawa da Kogi. Wanda ke Legas yana son saya wa iyayensa wuta a Azare, Jos zai zaɓa. In a Potiskum suke, Yola ce, duk da kusancin garuruwan biyu. Funtuwa ta KEDCO ce, Zariya da Gusau na Kaduna.

Bayan kamfani, sai ka zaɓi irin mitar: ta kati ce, ko ta bil ɗin wata. Nan ma akan yi tuntuɓe. Mai mitar kati da ya biya ta ɓangaren bil ba zai ga alƙaluma 20 ba, sai ya yi ta zarya kafin a juyo masa da kuɗinsa.

Daga nan sai matakin da na fi so mai karatu ya riƙe. Da zarar an shigar da lambar, kafin a cire kuɗi, manhaja takan nuna sunan mai mitar, sau da yawa har da adireshi. Ka tsaya a rumfar mai POS da magariba ka gani. An aiko yaro da lamba a bayan kwalin ashana, tawada ta jiƙe, 1 da 7 sun zama abu ɗaya. Mutum biyar na jira, mai POS yana danne-danne da hannu ɗaya yana ƙirga canji da ɗayan. Suna ya fito a fuskar na'ura na daƙiƙa biyu, ba wanda ya kalla, an wuce. Abin da ya kamata a ji a wurin shi ne, “Malam, don Allah karanto mini sunan da ya fito kafin ka tura.” In yaro za a aika, a gaya masa sunan da zai ji, a kuma ce in ya ji wani daban ya dawo da kuɗin. Masu POS da suka san aikinsu su suke fara tambaya: “Hajiya, sunan wa ke kan mitar?”

In an riga an yi kuskuren fa? Gaskiya dawo da kuɗin yana da wuya, kuma akwai dalili. Tunda galibin mitocin ba sa magana da kamfani, kamfanin ba shi da hanyar da zai sani daga ofis ko an loda katin ko ba a loda ba, ba kuma zai iya kashe shi daga nesa ba. In ka san mai mitar, hanya mafi sauri ita ce ka kai masa katin ya loda ya ba ka kuɗinka. In ba ka san shi ba, ka rubuta wa kamfani a ranar, ka haɗa da rasit, kada kuma ka tura wa kowa alƙaluman.

Ƙananan lambobin rasit

SGC alƙaluma shida ce, tana nuna rukunin mitocin da kamfani ya sa taka a ciki. TI alƙaluma biyu ce, ta tsarin farashi. KRN kuma lamba ɗaya ce tak, tana nuna zubin sirrin da mitar ke kai. Dukansu ukun suna shiga cikin haɗa sirrin da na ambata a sama, tare da lambar mita. Ke nan lambar mitarka tana iya zama daidai, sunanka ya fito, amma kati ya ƙi shiga, saboda abin da ke cikin kwamfutar kamfani ya saɓa da abin da ke cikin mitar. Maganinsa shi ne katin sauya sirri da ake kira KCT: jeri biyu ne masu alƙaluma 20-20, a loda na farko, a loda na biyu ba tare da jinkiri ba, sannan a loda na wuta.

Wannan shi ne abin da ya tayar da hankalin jama'a a 2024. Kowane kati yana ɗauke da lokacin da aka sayar da shi, ana ƙirga shi da minti-minti tun daga 1 ga Janairu 1993. Gurbin da aka tanadar wa ƙirgen ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216, wato shekara 31 da wata goma sha ɗaya kusan. Ranar 24 ga Nuwamba 2024 ya cika. Shi ya sa aka bi mitoci ana mayar da su daga KRN 1 zuwa KRN 2, wanda ƙirgensa ya faro daga 2014, zai kuma kai 2045. Hukumar kula da harkar wuta, NERC, ta ce kyauta ne. Har yanzu wanda ya buɗe gidan da ya daɗe a rufe, ko shagon da aka jima ba a saya wa wuta ba, yana iya tarar da mitar tana kan tsohon zubi. Ba lalacewa ta yi ba, KCT take jira, kuma da lambar mitar ake neman sa a ofishin kamfani.

Wannan ƙirgen lokacin ne kuma ke bayyana amsoshin da mitar ke bayarwa. In ta rubuta Used, an riga an loda katin, ka tambayi mutanen gida. In ta rubuta Old, katin ya tsufa: mitar tana tuna aƙalla katuna 50 na baya-bayan nan, duk wanda ya girmi mafi tsufansu ba ta karɓa. Saboda haka katin wuta ba ya ruɓewa don an kwana biyu, amma kada ka ajiye shi kana loda sababbi a kansa har shekara da shekaru. In kuwa Reject ta rubuta, ka sake duba alƙaluman a natse, ka gwada lambar mitar da ke kan rasit da ta jikin mitar. Kada ka yi ta dannawa, wasu mitocin sukan kulle madannan na wani lokaci in kuskure ya yi yawa.

Abin da ke bayan lambar

Lambar mita ta na'ura ce, in aka sauya na'urar ta tafi da lambarta. Lambar asusu kuwa ta mai hulɗa da kamfani ce, ita ke kan bil, ita ce kuma kaɗai abin da marasa mita ke da shi. Su ba kaɗan ba ne: rahotannin NERC na 2024 sun nuna waɗanda ke da mita ba su kai rabin masu rajista ba. Wasu ƙasashen sun ware lamba ta musamman ga wurin da wuta ke shiga gini, wadda ba ta sauyawa ko an sauya mita ko mai gida. A Ingila ana kiran ta MPAN, jigonta alƙaluma 13 ne, a Faransa kuma 14. A wurinmu lambar asusu ce ta fi kusa da yin wannan aikin, shi ya sa duk wanda aka sauya wa mita ya kamata ya tabbatar an ɗaura sabuwar lambar a kan asusunsa na da, an kuma cire tsohuwar. A ɗauki hoton fuskar tsohuwar mitar da ragowar yunit ɗinta kafin a kwance ta. In ba haka ba, mutum yana iya loda kati a sabuwa, bil ɗin ƙiyasi kuma yana taruwa a tsohon asusu.

A galibin mitocinmu ba a cikin mitar ake lissafin kuɗi ba. Yunit kawai ta sani. Kwamfutar kamfani ce ke duba lambar mitarka ta ga layin da aka ce kana kai da rukuninsa, ta yanke farashi. Tun 2020 aka raba layuka rukuni biyar bisa awannin wutar da aka yi alkawari a rana: A awa 20, B 16, C 12, D 8, E 4. A watan Afrilu 2024 aka kai farashin rukunin A naira 225 kan kowane yunit, ya ninka fiye da sau uku. A wannan farashin, naira 10,000 in aka cire harajin kashi 7.5 cikin ɗari ta koma wajen 9,302, a raba da 225, yunit 41.3 ke nan. Ka riƙa yin wannan lissafin da farashin da ke kan rasit ɗinka. In yunit ɗin bai kai ba, duba ko ana cire bashi. In farashin na rukunin A ne alhali unguwarku ba ta ganin wuta rabin yini, mai yiwuwa an jingina lambar mitarka da layin da ba naka ba, kuma wannan abu ne da ake gyarawa a rubuce. A ganina rashin duba wannan layin na rasit ya fi kuskuren lamba cin kuɗin mutane, domin shi kowane saye yake ci.

Mai shirin kama haya, kafin ka biya kuɗin shekara ka karɓi lambar mitar ka sayi wutar kuɗi kaɗan. Rasit ɗin zai nuna maka suna da rukuni, da bashi in ana cirewa. Matsayin NERC shi ne bashin wuta na wanda ya sha ne, ba na sabon mai shiga ba, amma kwamfuta ba ta san an yi sauyi ba sai an sanar da kamfani. Ku je tare da mai gidan, da takardar haya, a rubuta ranar da ka shiga. Mai tashi kuma kada ya kwance mitar ya tafi da ita, ko da shi ya biya kuɗinta. Lambar tana ɗaure da adireshin da taransifomar wurin, kuma sai da izinin kamfani ake matsar da ita.

Masu sana'a

Mai shagon ɗinki ko aski yawanci mita mai layi ɗaya gare shi, irin ta gida. Mai injin niƙa, da mai walda, da gidan ƙanƙara sukan buƙaci mai layi uku. Lambarta ita ma 11 ce ko 13, kuma ɗaya ce tak, ba kowane layi da tasa ba. Wanda buƙatarsa ta haura kVA 45 ya shiga ajin manyan masu shan wuta da ake kira MD, irin su masana'antun Sharaɗa da Bompai, da otal-otal da manyan asibitoci. Su galibi bil ake kawo musu, da lambar asusu suke biya, amma dole mai kula da kuɗi ya riƙa gwada lambar mitar da ke kan bil da wadda ke jikin bango kowane wata.

Akwai wata lambar da ta fi wannan haɗari a wurinsu. Wutar da irin waɗannan wurare ke ja ta fi ƙarfin ta ratsa cikin mita, sai a zura wayoyin cikin wasu zobba da ake kira CT, su rage ta kafin mitar ta auna. A jikin zoben za ka ga an rubuta, misali, 200/5. Ka raba 200 da 5, ka sami 40. In mitar ta motsa da 150 a wata, abin da aka sha 150 sau 40 ne, yunit 6,000. Da za a rubuta 300/5 a rajista bisa kuskure, da 60 za a riƙa ninkawa, bil ya koma na yunit 9,000. Wasu mitocin an riga an saita musu wannan ninkin a ciki, abin da suka nuna shi ne abin da aka sha, kuma sake ninka shi zalunci ne. Ranar da za a ɗaura irin wannan mitar, mai wurin ya tsaya da kansa ko injiniyansa, a rubuta lambar mita da ta zobba da ta hatimi a takarda, kowa ya sa hannu.

A filazoji da kasuwanni kuma akwai ƙananan mitocin da mai gini ke sayowa ya raba wa 'yan haya. Suna da lamba, wasu har kati ake loda musu, amma kamfanin wuta bai san da su ba. Lambarsu ba za ta fito a manhajar banki ba, a wurin mai ginin ko wakilinsa ake saye. Ɗan haya yana da haƙƙin ya tambayi nawa ake sayar masa da yunit, ya kuma nemi ganin rasit ɗin babbar mitar.

Hatimi, 'yan damfara da ƙorafi

Kowace mita ta halal tana ɗauke da shaidar gwaji da hatimin hukumar NEMSA, wadda ke da tashoshin gwajin mita, ciki har da ta Kaduna. Ka rubuta lambar hatimin ka ajiye. In ya tsinke, ko da ɓera ne ko tsatsa, ka sanar kafin masu duba mita su gani, domin tun Janairu 2025 tarar taɓa mita a karon farko naira 100,000 ce ga mai layi ɗaya, 200,000 ga mai layi uku. Kada ka sayi mita a hannun wanda ya ce zai ɗaura maka cikin dare. Mai yiwuwa lambarta tana kan sunan wani a wata unguwa, da bashinsa a kai.

Sanin lambar mitarka ba ya ba kowa ikon kwashe yunit ɗin da ke ciki, wannan ba ya yiwuwa ta waya. Amma yana iya nuna masa sunanka da adireshinka, don haka a rufe lambar kafin a sa hoton rasit a Facebook ko WhatsApp. Wanda ya kira ka ya ce ka turo kuɗi a sabunta maka mita, ko zai sayar maka da yunit a rabin farashi, ɓarawo ne.

In za ka kai ƙorafi, ka rubuta shi, ka sa lambar mita da ta asusu da adireshi a saman takardar, ka kai sashen ƙorafi na kamfanin, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ƙa'ida ta ba su kwanakin aiki 15. In ba a warware ba, sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC, akwai su a birane irin su Kano da Kaduna da Sakkwato. Jihohin da suka kafa hukumar wutarsu bayan dokar lantarki ta 2023 kuma, can ake kaiwa.

Yau ɗin nan, tun da sauran haske, ka je ka sa mitarka ta nuna lambarta, ka gwada ta da rasit na ƙarshe, ka ɗauki hotonta da na hatimin. Ka rubuta ta da manyan alƙaluma a manna kusa da rimot, da sunan da ke fitowa a ƙarƙashinta, yadda uwargida da yara za su gani. Sannan ka buɗe manhajar bankinka ka goge duk wata tsohuwar lambar mita da ba ka amfani da ita.